Yadda Muka Kai Kawu Busasshiyar Ƙasa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutumin tudu ne gaba da baya, daga ƙasar da sai guga ya yi nisa kafin a ji ya taɓa ruwa. Amma Allah ya ajiye masa abincinsa a tsakiyar ruwa. Shi ya kawo ni Legas ina saurayi, ya sama mini wurin kwana a Agege, ya haɗa ni da masu albasa a kasuwar Mil Sha Biyu. Shi kuwa ya koma wani ƙauyen masunta a hayin babban ruwan nan na Legas, inda ake kafa ɗakunan katako a kan dirkoki. Bandar kifi yake saya wurin matan masunta yana turo wa 'yan kasuwa. Shi kaɗai ne Bahaushe a ƙauyen, a can gemunsa ya yi fari, kuma har ya koma ga Allah bai iya iyo ba.

Duk sanda na kai masa ziyara sai ya ja ni bayan ɗakinsa, inda akwai ɗan tudun yashi, ya tsuguna ya tona da hannu. Kafin ramin ya kai gwiwar hannu ruwa ya tsattsafo ya cika shi.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Nan ko kyanwa ba a rufewa. In ta Allah ta kasance, kada ka bari a kwantar da ni cikin taɓo. Ka kai ni Agege, inda ƙasa take a bushe."

Ni kuma ba na rasa abin tsokana. Sai in ce, "Haba Kawu, wanda ya mutu ina ruwansa da sanyi?"

Sai ya rarumi takalmi ya jefe ni. "Ja'iri. Ni dai na faɗa maka, kuma Allah yana ji."

Wata safiya cikin tsananin zafin nan da ke zuwa kafin damina, na idar da asuba ke nan waya ta yi ƙara. Maƙwabciyarsa ce, tana kuka tana magana da Yarbanci. Kawu bai fito ba, sun leƙa sun same shi a kan dardumarsa rai ya yi halinsa. Na yi salati na zauna a bakin gado, amma ban daɗe a zaune ba, domin gawa ba ta jira, balle a irin wannan zafi. Na je wurin liman ya sa a fara haƙa a maƙabartarmu, aka ce motar gawa ta masallaci za ta tsaya mana a bakin ruwa a Iddo. Na sayi likkafani, na bi ta gidan wani aminin Kawu, Alhaji, dillalin shanu a abbatuwa. Ƙato ne wanda ke kama bijimi ta ƙaho ya kayar, amma ko kwata zai tsallake sai ya yi addu'a. Bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Da na faɗa masa abin da ya faru, hula kawai ya ɗauka ya ce mu je.

Tafiya ba mu sha wahala ba, jirgi mai inji muka shiga. Alhaji ya yi wa Kawu wanka ina zuba masa ruwa, muka suturta shi, muka naɗe shi da tabarma. Dawowa ce ta zama magana. Masu jirgin inji suka ce sam, jirgin da ya ɗauki gawa fasinja ba ya sake shigarsa. Na yi magiya, na yi lallashi, daga nan na yi abin da na fi iyawa, wato masifa. Na zazzaga musu da Hausa da Yarbanci da turancin titi, suka tsaya suna kallona kamar ana ruwa a bayan wani. Rana kuwa tana ta hawa.

Ana cikin haka sai wani tsoho ya dafa ni. Na san shi, shi da Kawu suke zaman yamma suna raba goro, har ya tsinci 'yar Hausa a bakinsa. Sana'arsa ɗebo yashi daga ƙarƙashin ruwa yana kai wa magina.

"Malam, bar su," ya ce. "Abokina ne. Ni zan kai shi."

Ya kai mu wurin jirginsa. Wani faffaɗan kwalekwale ne na katako, baƙi ƙirin da kwalta, babu inji ko na magani. A tsakiyarsa an kafa doguwar gora, a jikinta an rataya wani ƙaton ƙyalle da aka ɗinka da tsofaffin buhunan shinkafa, faci a kan faci, rubutun wasu ma a kife. Wannan shi ke kama iska ya ja jirgin. A goshin jirgin kuma ga wani guntun ƙarfen injin mota da aka yi wa ƙafafu da rodi, ɗaure da igiya jibge, shi ne anka. Alhaji ya kalli jirgin, ya kalle ni, ya ce, "Ɗana, wannan mu uku za a binne yau." Amma ya tattare riga ya shiga.

Muka jera katakai a tsakiya muka kwantar da Kawu a kai. Tsohon ya tura mu da wata gora har muka fita daga cikin ɗakunan, sannan ya ja wata igiya, buhunan nan suka buɗe suka kumbura da iska, jirgin ya ɗan kishingiɗa ya miƙa.

Ban taɓa sanin akwai shiru a Legas ba sai ran nan. Babu inji, babu odar motocin danfo, babu ihun kwandasta, sai ruwa yana lasar katako da kukan gorar nan in iska ta danne ta. Can nesa ga doguwar gada, motoci a kanta kamar tururuwa, amma ko tarinsu ba ka ji. Na ɗaga kai na kalli buhunan da ni da kaina nake zubarwa a bola, ga su suna jan mutum huɗu da ƙarfin abin da ido ba ya gani. Duk da baƙin cikin da nake ciki sai da abin ya burge ni. Na ce a raina a haka kafin azahar mun sauka.

Rana na kaiwa tsaka iska ta ɗauke. Ba a hankali ba, kamar an rufe ƙofa. Buhunan suka saki suka rataya. Da farko na ɗauka tsayawa kawai muka yi, sai na lura da wasu turakun masunta da muka wuce ɗazu, ga su suna dawowa ta gefenmu. Baya muke yi. Tsohon ya tsoma yatsa a ruwa ya lasa, ya gyaɗa kai, ya tafi goshin jirgi ya ɗaga ƙarfen nan ya jefa. Ya yi ta sakin igiya, ya yi ta saki, har na ga kamar ba zai daina ba, sannan ya naɗe sauran a jikin wani gungume. Jirgin ya ɗan girgiza ya tsaya, hancinsa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa.

"Baba, me ke nan?" na tambaye shi.

"Teku tana shigowa," ya ce da Yarbanci. "Sai ta gama."

"Sai ta gama me?"

"Shigowa. In ta cika cikinta za ta koma, ta tafi da mu."

Ni da na yi rabin rayuwata a Legas, ran nan na fara jin cewa ruwan nan shiga yake yana fita kullum, safe da yamma. Mu a wurinmu kogi da damina yake kawowa, da rani ya janye, shi ke nan. Na tambaye shi yaushe za ta koma, ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri a sama, can ƙasa da inda rana take, wajen la'asar. Raina ya ɓaci. Na ce masa gawa muke ɗauke da ita ba yashi ba, mutane suna can suna jira, kabari a buɗe, ga zafi. Ya ce ya sani. Na fizgi filafili na ce mu tuƙa da hannu. Bai hana ni ba. Na yi ta sarar ruwa har kafaɗuna suka yi tsami, igiyar anka ko sassautawa ba ta yi ba. Na ajiye ina haki, ina jin haushin tsohon, da teku, da masu jirgin inji, har da Kawu da ya rasa inda zai zauna sai bayan ruwa.

Tsohon ya miƙe. Ya koma tsakiya ya sauko da buhunan, ya shiga ɗaura su a kan gawar don su yi mata inuwa.

Jirgi a kan doguwar igiya ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya lula dama a hankali, ya tsaya, ya lulo hagu. Wannan lilon ne ya ishi Alhaji, wanda tun da muka taso yake riƙe da gefen jirgi da hannu biyu. Ya dubi igiyar nan da ta tafi can nesa kafin ta nutse, ya ja tsaki.

"Wannan wane irin ɗauri ne? Ko ɗan maraƙi ka ba wa igiya haka ai sai ya shiga gonar mutane."

Ya rarrafa zuwa goshi. Mutum ne da ya shekara yana turke shanu, ya san dabba mai fizga gajeren ɗauri ake yi mata. Ya kama igiyar ya yi ta ja da ƙarfin nan nasa, jirgin yana matsawa gaba, har igiyar ta miƙe tsaye ƙyam daga goshi zuwa ƙasa, ya yi mata ƙullin da ko bijimin Sallah ba zai kwance ba. Lilon ya tsaya cak. Ni ma da nake kallo na ce a raina yanzu aka yi ɗauri.

Ba a jima ba wani babban jirgi ya wuce can nesa, ruwan da ya kora ya iso mu. Tudun ruwa na farko ya zo zai ɗaga goshin jirginmu, igiya ta hana shi tashi. Sai ruwan ya hau ta kansa ya zubo ciki. Na biyu ya fi na farko. Na ga ruwa yana gudu a cikin jirgi ya nufi tabarmar Kawu. Ban san sanda na yi tsalle na tallabo shi na ɗora a kan cinyoyina ba, na ɗaga shi iya ƙarfina, ruwa yana bin idon sawuna. Sai muka ji wani gurnani daga ƙasa, ankar ta tumɓuke tana jan taɓo, jirgin ya juya gefe ya fara tafiya da mu. Alhaji salati kawai yake da ƙarfi.

Yadda tsohon nan ya tsallake mu ya isa goshi har yau ban gane ba. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, ya sa haƙori da wani ƙarfe ya ɓanɓare shi, ya saki igiyar tana gudu a tafin hannunsa. Ta tafi, ta tafi, sannan muka ji ta kama. Jirgin ya mayar da hancinsa ga ruwa, tudun da ya biyo baya ya zo ya ɗaga mu ya sauke lafiya lau. Ya miƙa wa Alhaji wata yankakkiyar jarka ya ce ya kwashe ruwan.

Sai da ya huce ya yi magana, rabi Hausa rabi Yarbanci, ni ina fassara wa Alhaji. Ya ce ƙarfen nan ba nauyinsa ne ke riƙe jirgi ba. In igiya ta yi tsawo ta kwanta, jan da jirgi ke yi ƙara cusa ƙafafunsa yake cikin taɓo. In ka gajarta ta, sama kake cire shi. Kuma ruwa yana hawa, dole ka bar wa jirgi abin da zai hau da shi.

Alhaji ya share fuska ya ce, "Faɗa masa na ji. Rashin sani ya fi dare duhu." Can kuma ya ƙara da ƙaramar murya, "Amma dai saniya ba haka ake mata ba."

Likkafanin bai jiƙe ba, gefen tabarmar ne kawai. Muka ƙara katakai muka mayar da Kawu ƙarƙashin inuwar buhu. Lokacin azahar ya yi, na miƙa hannu na ɗebo ruwa don alwala, da na kurkure baki sai na ji gishiri. Da safe a bakin ƙauyen ruwan nan ba haka yake ba. Teku ce da kanta ta biyo mu har nan. Muka yi salla a zaune ni da Alhaji, muna fara raka'a gabas tana gabanmu, kafin mu yi sujada jirgi ya karkata ta koma kafaɗarmu. Tsohon ba musulmi ba ne, amma ya kama filafili ya riƙa tokare ruwa yana daidaita mu har muka sallame.

Bayan nan babu abin yi sai zama. Ni kuwa zama ba halina ba ne. A kasuwa ni ne mai tashin yara da ihu tun duhu, ni ne mai cewa wanda ya ce Allah ya kawo bai tashi nema ba. A wurina tawakkali kalma ce da malalata suka samu suka fake da ita. Ga ni yau da gawar mutumin da ya riƙe ni kamar uba, da alkawarin da na ɗauka, kuma duk ƙarfina da bakina ba su matsar da mu taku ɗaya ba. Na zuba wa ruwan ido. Komai wucewa yake, kainuwa, robobin ruwa, guntun itace, wani takalmin yaro, duk teku tana kora su ciki. Mu kaɗai ne ba mu tafi ba, kuma abin da ya riƙe mu yana can ƙasa cikin duhu inda babu mai ganinsa, sai dai ka ɗora hannu a kan igiya ka ji tana rawa. Na ɗora hannuna na daɗe ban ɗauke ba. Tsoro ya kama ni, amma ba irin na ɗazu ba, irin wanda kan kama mutum in ya tuna ko shi wane ne a gaban Ubangijinsa.

Na tambayi tsohon wa ke gaya wa teku ta shigo. Ya ce wata ne ke janta, in wata ya cika ko ya mutu ta fi ƙarfi. Na ɗaga kai na dubi sama. Watan da muke hawa soro muna leƙe don azumi, ashe shi ne kullum yake ɗaga wannan ruwa duka ya sauke, da jiragen da ke kansa, da gadar da yake dukan ƙafafunta, mu muna can muna cinikin albasa ba mu da labari. Na ji hawayen da ban samu sukunin yi ba tun asuba sun zubo, na bar su.

Wayata ta yi ta ƙara, liman ne da 'yan unguwa. Na ce musu muna kan ruwa, muna jira. Suka ce jiran me? Na rasa yadda zan yi musu bayani, na ce su dai yi mana addu'a. Ƙudaje sun fara zuwa, Alhaji ya cire hularsa yana kora su daga kan amininsa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya.

Inuwa ta fara tsawo sai na lura wata robar ruwa da ta zo wucewa ta tsaya a gefenmu. Ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba. Kainuwar ma ta tsaya. Igiyar da ta wuni a miƙe ta saki ta lanƙwashe. Ruwan ya kwanta sumul har ina ganin fuskata a ciki, duniya ta yi tsit. Tsohon ya ɗaga yatsa ya ce kada kowa ya motsa.

Sai jirgin ya fara juyawa. Babu hannun kowa a kan filafili, babu iska. A hankali ƙwarai gindinsa ya fara zagayowa, gadar da ke damanmu ta bi ta gabanmu, dogayen gidajen cikin gari suka biyo ta, Legas gaba ɗaya ta kewaya mu, har hancin jirgin ya koma kallon inda muka fito. Robar nan ta motsa, ta kama hanyar Iddo. Alhaji ya ce "Allahu akbar" da wata murya da ban san shi da ita ba, gemunsa sharkaf da hawaye. Na ga manyan abubuwa a garin nan, amma ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar juyawar wannan tsohon kwalekwale ba.

"Yanzu ja," tsohon ya ce wa Alhaji. "Ja da ƙarfinka duka."

Alhaji ya ja, anka ta fito da baƙin taɓo mai wari. Aka mayar da buhunan kan gora, iskar yamma ta taso ta cika su, ruwan da ya wuni yana tura mu baya ya ɗauke mu a bayansa. Turakun masunta suka riƙa wucewa fiu-fiu. Tafiyar da na so in yi da kafaɗata aka yi mana ita muna zaune. Mun yi la'asar a jirgi, muna sallamewa sai ga Iddo, ga motar masallaci, direban yana tsaye a bakin ruwa ya dafa ƙugu.

Tsohon ya taya mu sauke Kawu. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tabarmar ya ce da Hausarsa, "Sai wata rana, aboki." Bai bi mu ba, ya ce in ya yi jinkiri ruwa zai bar shi.

Hanyar Agege ranar Allah ya sassauta ta, ko kuwa ni ne na gaji da masifa, ban sani ba. Mun isa rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Jama'a ba su watse ba. Aka yi masa salla a ƙofar masallaci, aka ɗauki makara da sauri zuwa maƙabarta. Liman ya ce ni ne makusancinsa, in shiga in karɓe shi.

Na sauka na kafa ƙafafuna a gefe da gefen ramin. Ƙasar ja ce, a bushe ƙamas, tana marmashewa a ƙarƙashin yatsuna. Aka miƙo mini Kawu, na kwantar da shi a kan damansa, na juya fuskarsa gabas, na sassauta ɗaurin likkafanin. Da na ɗago zan miƙe sai na ji ƙasa tana lilo da ni, ta yi dama ta yi hagu, kamar yadda jirgin ya wuni yana yi. Na yi tangaɗi har wani ya riƙo kafaɗata yana cewa, "Sannu, yi haƙuri, jiri ne." Na dubi Kawu a ƙasan ƙafafuna, ko gezau bai yi ba, ƙasa ta riƙe shi daram. Shi kam ya riga ya sauka daga jirgi. Ni aka kamo hannuna aka jawo ni sama, ƙafafuna suna ta neman inda za su tsaya.